Ajin da Malam Dalhatu ya bari

Assalamu alaikum. Mai girma perefen gundumarmu, mai martaba sarki, malam liman, shugaban makarantar lise, uwargidan marigayi Hajiya Safiyatu da 'ya'yanki, jama'ar Magariya, sannunmu da haƙurin rashi.

An zaɓe ni in yi magana da bakin tsofaffin ɗaliban Malam Dalhatu, kuma wallahi da kunya na miƙe.

Ya kasance malamin fizik da allo kaɗai bai ishe shi ba. Yakan fitar da mu fili ya ce, "Jibo, jefa ƙwallon nan sama." Jibo ya jefa. "Kun gani? Tun da ya bar hannu ƙasa ke jan shi. Gudunsa na raguwa har ya tsaya cak, sannan ya dawo hannu da gudun da ya tafi." Ya kasance yakan hau katanga da ƙwallo biyu, ya saki ɗaya, ya wurga ɗaya gaba miƙe, su dira tare. Muka ce dabo ne. Ya yi dariya ya ce, "Tafiya gaba daban, faɗuwa daban. Ku hau ku gwada."

Ya kasance ko da ya ajiye aiki bai bar ajin ba, don ba a turo kowa ba. Da sanda yake zuwa.

Jiya na leƙa lise. 'Yan ajin ƙarshe suna zaune ba malami, ga jarrabawar fita, wato bak, ta matso. Wata ɗaliba, Rashida, ta miƙo mini ƙwallonsa ta ce, "Baba, an ce kai ɗalibinsa ne. Me ya sa hanyarsa ke lanƙwashewa in an wurga shi gaba? Nan muka tsaya da Malam." Na juya ƙwallon a hannu. Labarin katanga na tuna, lissafin ya gudu. Na ce mata ina sauri.

Hajiya, ki dube mu. Ga likita, ga ma'aikacin duwan, wato kwastan, ga 'yan kasuwa masu shiga Kano. Duk shi ya yaye mu, amma ko ɗaya bai riƙi alli ba. Ki yafe mana.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa dangana. Yaran can kuma suna nan zaune har yanzu. Allah ya tayar musu da wanda zai ba Rashida amsa, daga cikinmu nan. Amin.