Wutar da Ba Ta Bi Ta Ƙofa Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan taro, shugaban ƙungiyar masu fito, dattawan bakin ruwa, malaman lantarki da kuka baro ayyukanku kuka zo, matuƙa manya da ƙanana, da 'yan'uwana mata masu ƙetare ruwa kullum da kaya a ka, ina gaishe ku duka. Na gode da kuka ba tsohuwa dama ta tsaya a gabanku. In na yi tuntuɓe a karatu ku yi mini afuwa, sai da na aurar da 'ya sannan na koyi riƙe alƙalami.

Kuna ta tambayata mutanen gida. Maigidana yana nan, amma ƙafar ta hana shi zuwa. Jikoki lafiya, sai ƙaramar da ke fama da tari. Surukata tana cin abinci idan an tsaya a kanta. Auta lafiyarsa ƙalau, shi ne ma dalilin tsayuwata a nan. Yayansa Dogo kuwa kun san inda yake, da hannuwanku kuka kai shi.

Ga waɗanda ba su sani ba, Dogo ɗana ne na fari, yana cikin waɗanda suka fara barin injin fetur suka koma jirgi mai batir da hasken rana ke cikawa. A daminar nan, da rana tsaka, jirginsa ya mutu a tsakiyar ruwa da mata 'yan kasuwa a ciki, igiyar ruwa tana jan su zuwa ga duwatsu. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya faɗa ruwa, ya kai ta gaɓa aka kama. Jirgi ya tsira, mata sun tsira, shi ruwa ya riƙe. Kuma har lokacin da aka jawo jirgin, mitarsa tana nuna saura rabin wuta.

Na yarda da ƙaddara. Amma na je wurin mai gyaran da ya buɗe jirgin, na zauna a kan bencinsa na ce ba zan tashi ba sai na gane. Abin da na gane shi na kawo muku.

Na farko, arha ba laifi ba ce. Talaka ba zai bar fito don ba shi da mita mai tsada ba. Sai dai mita mai ƙirga wutar da ke fita tana zuwa da wani guntun ƙarfe nata, kuma akwai lamba a jikinsa, akwai lamba a jikinta. Ku duba su zo ɗaya, ku duba ƙarfen zai ɗauki wutar da injinku ke ja. Ku fito da ita waje ku gani ko lambobin suna karantuwa a hasken rana, domin a kan ruwa za ku karanta su, ba a inuwar shago ba.

Na biyu, ɗaya mitar, mai nuna ƙarfin batir, kada ku gaskata ta jirgi yana tsaye. Batirin da ya gaji yana nuna ƙarfi idan ba a nemi komai a wurinsa ba, kamar yadda nake ce muku lafiya lau idan kun gaishe ni. Sai an ɗora wa mutum kaya ake sanin wuyansa. Ku dube ta inji yana ja, jirgi cike da mutane. In lamba ta zube, ku juya.

Na uku, shi ne wanda ya ci ɗana. Wancan guntun ƙarfe a kan baƙar wayar batir ake ɗaura shi, kuma dole duk wutar da za ta fita ta bi ta cikinsa. Mai gyara ya ce mini, “Inna, ƙofar gida ce, mita kuma maigadi. Abin da ya fita ta katanga, maigadi bai gan shi ba.” Dogo ya haɗa inji daidai. Daga baya ya ƙara famfon kwashe ruwa, ya ƙara soket don fasinja su yi cajin wayoyinsu kyauta, ya ƙara firjin da masu kifi ke ajiya a ciki. Duk a kan batir kai tsaye ya ɗaura su, don nan hannu ya fi saurin kaiwa. Hadari ya yi kwanaki bai bar rana ta cika batir ba, wuta tana fita ta katanga, maigadi yana cewa kowa na gida.

Kada wani ya ce sakaci ne na mutum ɗaya. Na bi bakin ruwa ina leƙa jiragenku, har wani ya ce, “Inna ta zama sufeto.” Da yawanku haka kuka yi, kuma don kirki kuka yi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dogo ne ya koya mini lambobi a kan wannan mita. Yakan ce, “Inna, karanta mana, nawa ya rage?” In na faɗa daidai sai ya ce wa fasinja, “Ku biya kuɗin fito biyu, yau da injiniya kuke tafe.” Na yi ta karanta masa lambar da murna, ban san ƙarya take yi mana mu biyu ba.

Ga roƙona. Ranar Asabar za a sake buɗe fito, kuma Auta zai fita da jirgin yayansa. Na ce ya bari, ya ce, “Inna, in na zauna, ruwa zai kawo wa marayun Yaya abinci har gida?” Ina roƙon ƙungiya ta sa malaman lantarki su bi jiragen nan ɗaya bayan ɗaya, su mayar da kowace waya bayan ƙofa, su sa fis mai yanke wuta a ƙananan wayoyin mita, su gwada da kaya a ciki, kuma kada jirgi ya taɓa ruwa sai sun ce ya fita. Ba na Auta kaɗai ba, kowane matuƙi a nan wata ce ta haife shi.

Ranka ya daɗe shugaba, ina jiran amsarku kafin ranar Alhamis, ko a takarda, zan iya karantawa. In ba ta zo ba, ba ni da ikon hana shi. Zan raka shi bakin ruwa, in tsaya a inda na tsaya wancan karon.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ɗauka, ya raya abin da suka bari. Allah ya tsare masu fita, ya dawo da su ga iyayensu da ƙafafunsu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.