Ƙayar da na zuba a bakin rijiyarmu

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Ni ce Rahila, ɗiyar marigayi Dattijo Musa. Kun san ni da gajen haƙuri, don haka ba zan yi kewaye-kewaye ba.

Muna da rijiya a dajin da ke bayan Korahane. Kakana ya haƙa ta, babana ya zuba mata siminti. Kwana bakwai da binne Baba sai ga wani mutum, Agali, a kan raƙumi. Ina ganin Inna ta tuɓe takalmanta ta durƙusa a cikin rairayi mai zafi. Matar da ta haife ni! Gaban mutumin da ta girma da shekara goma!

Ya ce, "Baiwar gidanmu, Allah ya ba da haƙuri. Rijiya kuma ta dawo gida. Abin da bawa ya haƙa na mai bawa ne."

Hujjarsa ke nan: wai tun kafin Nasara su zo ƙasar nan, kakannin kakanninsa sun kamo kakar kakata tana tsintar itace. Matar da ko sunanta ba mu sani ba. Don ita za a ƙwace mana ruwa yau.

Na ce, "Kai wa kake kira baiwa?"

Inna ta fizgi zanena. "Rufe baki, ke. Lakwal ɗin nan, makarantar bokon nan, ta lalata ki."

A ranar ya cire jigonmu na jan ruwa ya kafa nasa. Shanunsa su sha su ƙoshi, awakinmu su lashi laka a gindin kwamin shayar da dabbobi. Ga bazara ta kama.

Ni kuwa na yi kolej. Ina tune da mushenmu, malamin ajinmu, yana buga tebur yana cewa tsarin mulkin ƙasa ya hana a mallaki mutum, kowa ɗa ne. Da na ɗauka karatun cin jarrabawa ne. Na hau motar kasuwa zuwa Dakoro, na shiga wurin jandarma ina kuka ina faɗa, har suka tura maganar gaban alƙali.

Allah ya saka wa Malam Idi, maƙwabcinmu Musulmi. Da sandarsa ya zo, ya ce, "Ni na riƙe wa kakanta igiya yana cikin rami. Ban ga ko bunsurun gidan Agali a wurin ba." Alƙali ya ce rijiya tamu ce. Ya dubi Agali ya ce in ya sake kiran wani bawa, gidan kaso zai kwana.

Da a nan labarin ya ƙare, da na zauna kun tafa mini. To, ku saurari abin kunyata.

Na koma na saro ƙaya na kewaye rijiyar, na bar 'yar ƙofa, na tsaya da sanda. Kowa ya sha, ban da dabbar Agali. Kwana uku shanunsa suna zagaye shingen suna kuka, suna jin ƙanshin ruwa. Wata rijiyar mafi kusa tafiyar yini ce. Rana ta uku wata saniya mai ciki ta durƙushe, ta kasa tashi. Kun san abin da na ji? Daɗi! Na ce da ita, "Durƙusa, uwata ma ta durƙusa."

Sai ga takardar kira. Wannan karon ni aka kai ƙara.

Alƙalin nan dai ya ce, "Madmazel, rijiya taku ce, ku za ku fara sha, ba mai cire muku jigo. Amma a ƙasar kiwo ba a hana dabba ruwa in akwai shi. Dokar da ta hana shi mallakarki ita ta hana ki kashe masa garke."

Na ce, "Ashe ita ma dokar ta masu rawani ce!"

Ya cire tabarau ya ce, "Haƙƙinki ya tsaya inda nasa ya fara. Ki kwashe ƙayar nan, ko in aiko a kwashe ta tare da ke."

Na fito cikin fushi. Na zarce taron zumuntar mata, na alhamis da la'asar, ina jiran a ce an zalunce ni. Matar Fasto ta ce mu yi addu'a domin Agali. Na ce, "Mama, ku yi taku. Ni bakina ba zai iya ba."

Sai Inna ta yi magana, ita da ba ta buɗe baki a taro. Ta ce, "Rahila, sau nawa na ce ki buɗe wa dabbobin nan? Mi kika ce mini? Kika ce in yi shiru, ban san komi ba. Kin fidda ni daga hannun Agali kin sa ni a naki. Shi ma haka yake mini tsawa."

Wayyo! Gara da ta mare ni.

Na faɗi a kan tabarma. Addu'ata ba ta da ado. Na ce, "Yesu, na tsani mutumin nan, ka sani. Alƙali ya ba ni rijiya, amma abin da ke cikin ƙirjina ya fi ƙarfinsa. Ka cire mini." Matan suka ɗora mini hannu. Na yi kukan da ban yi ba ranar binne Baba. Da na tashi, ba son Agali na ji ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Saniyar nan ce ta tsaya mini a rai.

Da safe na kwashe ƙayar, har ta yage mini hannu, ga tabon. Na kai wa saniyar ruwa a kwano, ta sha, can ta miƙe. Agali ya iso yana kora garke zuwa kwami kamar yadda ya saba. Bai ba da haƙuri ba, har yau kuwa bai bayar ba. Na buɗe baki, sai Inna ta riga ni. Tana tsaye, takalmanta a ƙafa.

Ta ce, "Agali, dakata. Awakina ba su gama ba."

Ya dube ta. Ya dubi ƙafarta. Ya ja raƙuminsa gefe, ya jira.

Halleluya!

Har yanzu raina yana ɓaci, don akwai uwayen da ke tuɓe takalmi a dajin nan, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa doka ta ce su miƙe. Ku gaya musu. Ku raka su wurin alƙali. Amma in kun samu rijiyarku, ku kai wa Ubangiji zuciyarku kafin ku ɗauki gatarin saran ƙaya. Wanda ya tsayar da Inna a kan ƙafafunta, ya kuma ƙwace sandar nan daga hannuna, ba zai kasa da naku ba. Ku dogara gare shi.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga sunan Yesu. Amin.