Hawa Na Huɗu

Auta: Assalamu alaikum. Yaya, ina wuni?

Yaya: Wa'alaikumus salam. Auta, yau an tuna da mu? Lafiya lau. Ya asibitin, ya yara?

Auta: Alhamdu lillahi. Ya maigidan? Ya jikin Umma?

Yaya: Da sauƙi za a ce. Ƙafar ce dai, yau ma sai da na tallabe ta zuwa banɗaki. Ya gajiya?

Auta: Gajiya ai ta zama 'yar gida.

Yaya: Wai ina kike ne? Hon ya cika min kunne kamar tasha.

Auta: A baranda nake. Yaya... na sayi gidan.

Yaya: Kin sayi me? Gyaɗa?

Auta: Gida! Gida na ce! Ɗazu dillali ya miƙo min makulli.

Yaya: Allahu akbar! Auta, da gaske? Kai, Allah ya sanya alheri! Allah ya jiƙan baban yaran nan, da yana raye ya ga wannan rana. Wancan mai tsakar gida da bishiyar lemo da kika nuna min hotonsa?

Auta: A'a. Wancan ya yi nisa. Wannan fulat ne, a tsakiyar gari, bayan asibitinmu. Da ƙafa zan riƙa zuwa aiki.

Yaya: Ɗaki nawa?

Auta: Ciki da falo. Sai ɗan kicin, in kin buɗe firij sai kin ja baya. Ƙasa kantin gyaran waya ne da mai ɗinki.

Yaya: To ai ba laifi. Yara su kwana a falo, ke da Umma ciki.

Auta: Yaya, hawa na huɗu ne.

Yaya: Hawan jini? Wa ya kama?

Auta: Hawa na huɗu! Bene!

Yaya: Bene.

Auta: E.

Yaya: Da lifta?

Auta: Akwai ramin da aka bar mata. Ba a taɓa sakawa ba.

Yaya: Hmm.

Auta: Halo? Yaya? Layin ne?

Yaya: Layi lafiyarsa ƙalau. Matar da ba ta iya tsallake dokin ƙofa, ita za ta hau bene huɗu?

Auta: Na nemi na ƙasa, wallahi na nema. Duk an mai da su shaguna, wanda ya rage kuma ko na sayar da kaina ba zan iya ba.

Yaya: Da bakinki kika ce, Yaya yi haƙuri, ranar da na samu gidan kaina zan ɗauki Umma ki huta. Ni na roƙe ki? Tun rasuwar Baba nake mata wanka, nake wanki, nake juya ta a gado. Bayana ya ƙare, Auta. A zaune nake sallah yanzu, ban dai faɗa miki ba.

Auta: Ban sani ba.

Yaya: Ina za ki sani? Ke ma'aikaciyar jinya ce ta mutanen duniya, ni ce ta gida.

Auta: Kar ki ce haka. Ni ma ban faɗa miki nawa ba. Kullum kafin gari ya waye nake tashin yaran nan, su ƙarasa barci a cikin bas. In na tashi aiki cunkoso ya riƙe ni har su yi barci da yunwa. Makon jiya na ɗebo allurar wani mara lafiya na nufi gadon wani. Da abokiyar aikina ba ta riƙe hannuna ba, da yanzu wani zancen ake. Ranar na kira dillali.

Yaya: Innalillahi.

Auta: Na ga benen, na tuna Umma, na tsaya a ƙasan matakala har dillalin ya ce ko ba ni da lafiya. Kuma na sa hannu. Ba zan yi miki ƙarya ba.

Yaya: To ai shi ke nan. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Auta: Duk ranar hutuna zan zo in karɓe ki. Kuma zan nemo mai taya ki...

Yaya: Ba ni ce matsalar ba yanzu. Tun da kika fara zancen gida Umma ta sa na sauko mata da akwatinta. Ta ninke zannuwanta, har carbi ta ware na tafiya. Kullum sai ta ce, Auta ta kira?

Auta: Wayyo Allah. Kar ki faɗa mata tukuna, bari in zo da kaina.

Yaya: Kin makara, ƙofar a buɗe take. Ga ta tana miƙo hannu. Na'am, Umma, ita ce. Riƙe nan, kar ki danna.

Umma: Autata?

Auta: Na'am, Umma. Ina wuni? Ya ƙafar?

Umma: Ƙafa ta gode Allah. Na ji an ce kin yi gida a sama.

Auta: E, Umma, amma...

Umma: Akwai taga?

Auta: Akwai. Tana kallon titi, ana ganin masu wucewa.

Umma: To ya isa. Yayarki ta gaji, ina ganin yadda take tashi. Ki samo samari biyu su ɗauke ni a kujera. Sau ɗaya ne ai, ba sai na sauko ba.

Auta: Umma, don Allah daina faɗin haka! Bari in sa kati in sake ki...

Umma: Halo? Auta? Ungo, yarinya, abin ya yi shiru.