Bango Ɗaya Mai Sabon Fenti

Shugabar Ƙungiyar Dillalan Gidaje ta garin Elk Hollow, Uwargida Darlene Kowalczyk, mai girma magajin gari, 'yan uwana masu duba lafiyar gidaje, waɗanda aka tattara mu a teburin da ya fi kusa da ƙofar fita, matata Lorna, dillalai manya da ƙanana, jama'a maza da mata, ina yi muku barka da war haka.

Ni, Orville Haugen, ina godiya da wannan liyafa da kuka shirya mini ta ajiye aiki. Shekara talatin da ɗoriya ina cikinku, ban taɓa ganin dillalai cikin farin ciki irin na yau ba, kuma ban taɓa sanin kuna ƙaunata haka ba sai da kuka ji na jingine tsani. Ina godiya da kyautar wannan tocila ta tagulla. Na danna ta a ƙarƙashin tebur, ba ta kamawa. Na gane, ita ce irin tocilar da kuka daɗe kuna yi mini fatan riƙewa.

Maganata uku ce.

Ta farko, sunana. Kun raɗa mini Makashin Ciniki, kuma na karɓa. Mai saye ya ga labule, ya ga lambu, ya riga ya zaɓi inda zai ajiye gadon jariri. Sai a kira Orville. Orville ya hau rufi, ya rarrafa ƙarƙashin daɓe, ya fito da yanar gizo a gemu, ya ce ruwa na shiga. Ashe ni na kawo ruwan a aljihu, ni na gayyato gara, ni na tsaga harsashin ginin da hannuna. Ina neman afuwar duk gidan da yake lafiya lau har sai da na kalle shi.

Ta biyu, ga matasan da za su gaji tsanina. Idan kun shiga gida kuka ji ƙamshin kek da kirfa, ku ci, amma ku tambayi kanku warin me ake rufewa. Idan kuka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuka tarar da bango uku sun tsufa, na huɗu yana ƙyallin sabon fenti, to ku tsaya a nan. A wannan yanki namu, inda ƙanƙara ke narkewa ta matse gini duk bazara, ba wanda yake shafa wa bango ɗaya fenti don sha'awa. Wani mai gida ya taɓa ce mini, “Haba Orville, fentin ne ya ƙare mini.” Na ce, “Ikon Allah! Kuma ya san daidai inda tsagar take kafin ya ƙare.”

Ta uku kuwa, jama'a, wanzami ba ya son jarfa.

Kun san gwiwoyin Lorna sun gaji. Matar da ta raini 'ya'yanmu tana hawa da sauka a gidanmu, yanzu a zaune take sauko da bene, mataki bayan mataki, tana dariya don kada in ga hawayenta. Na gani, kuma yana ci mini rai. Mun sami ɗan gida marar bene kusa da 'yarmu, an ce za a riƙe mana shi zuwa ƙarshen wata. Sai mun sayar da namu za mu shiga wancan. Dillaliyarmu kuwa ita ce shugabar wannan taro.

Darlene ta zo, ta zagaya, ta sauka ƙasa, ta tsaya gaban bangon arewa. Ta ce, “Baba Orville, wannan fa?”

Na ce, “Tsaga ce. Tun bara take buɗewa.”

Ta ce, “Ni dai ban ga komai ba, hasken nan ba shi da kyau. Amma wannan kantar taka ta gwangwanaye, ba ka ganin za ta fi kyau a jikin bangon nan?”

Kada ku zarge ta, shawarar ado ta ba ni. Ni ne na je kanti da ƙafafuna na sayo fenti. Ni ne na shafa, na ja kanta, na jera mata gwangwanayen tumatir. Laifi tudu ne, jama'a, na taka nawa, kuma wallahi aikin ya yi kyau, don na san duk inda mai dubawa yake fara kallo. Da na hauro, Lorna ta dubi hannuna ta ce, “Tsoho, bango nawa ka shafa?” Na ce ɗaya. Ta ce, “To, in ɗora kek ɗin kirfa ke nan?”

An sami masu saye, Dustin da Maribel, ga su can a baya da jaririyarsu, Darlene ta gayyato su su ci kaza. Sun gaya mini a ɗakin ƙasan nan za su yi wa yarinyar wurin wasa. Ranar Litinin mai dubawarsu za ta zo, Joelle Tremblay, wadda ni na koya mata riƙe tocila. Ina tsoron ta gani, kuma na fi tsoron ta ƙi dubawa don kunyata.

To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Joelle, ki ture kantar da ke bangon arewa. Dustin, Maribel, tsagar ta kai tsawon hannuna, ruwa na shiga, gyaranta ba ƙarami ba ne. In kun fasa, ba ku yi laifi ba. Darlene, ki sha ruwa. Kun ce na yi ritaya, ga shi na kashe ciniki na ƙarshe, kuma nawa ne.

Lorna, ki yafe mini. In gidan can ya kuɓuce mana, zan sauko da gadonmu falo, ba za ki ƙara hawa benen nan ba.

Allah ya ba dillalai kasuwa, ya ba masu dubawa ido, ya ba masu saye gidan da zai riƙe 'ya'yansu. Allah ya tsare mu daga bango ɗaya mai sabon fenti, a gidajenmu da cikin zukatanmu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya tarar da shi a tsaye.

Na gode.