Wa Ya Sa Alkyabba Ya Fasa Ƙofar Ruwa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, Alhaji Muhammadu Sani. Dagaci, ranka ya daɗe. Malamanmu na Islamiyya, Allah ya gafarta muku. Shugabannin manoman rani. Iyayena da 'yan'uwana na Bunkure, da baƙinmu da suka taso daga Kura: ina gaishe ku baki ɗaya, ina kuma godiya da aka bar wanda ake zargi ya buɗe baki kafin a yanke hukunci.

Sunana Mukhtari. Manomin tumatir ne ni, kuma ni nake shugabantar 'yan ƙungiyar nan da ake yi wa dariya, masu taruwa a gidan kallon Badamasi ranar Lahadi saboda tsohon fim guda ɗaya.

Da farko, ba za mu musa ba, muna son fim ɗin nan. Labarin wani jarumi ne mai rufe fuska, mai alkyabba ruwan ɗorawa, wanda yake ratsa iska ya kai ɗauki inda aka rasa mai kaiwa. Mun san ƙirƙira ce, ba mu taɓa cewa ɗan Adam yana tashi sama ba. Mun kalli kaset ɗin har ya fara cin zare. Da Usaini direba ya samo mana littafinsa na zane a Sabon Gari, sai muka tarar da abin da babu a fim: shafin da jarumin ya tuɓe alkyabbar, ya durƙusa yana haƙa wa wata tsohuwa hanyar ruwa da hannunsa, don lambunta ya bushe. Jama'a, wane manomin rani ne zai ga wannan zuciyarsa ba ta motsa ba? Don haka muka sa Sammani tela ya ɗinka mana irin alkyabbar, muka rataye ta a bango don sha'awa.

Na biyu, abin da ya tara mu. Ranar Juma'a, muna masallaci, gonaki babu maza, wani ya fasa kwaɗon ƙofar ruwan da ake raba wa gonaki. Ruwa ya kwararo, ya kwashe irin albasar Baba Dattijo, irin da ya raina da guminsa, ana gobe zai dasa. Matan da suke tsinkar alayyafo sun hango mutum cikin alkyabba ruwan ɗorawa yana gudu. Kafin la'asar gari ya gama shari'a: 'yan fim ne, kallo ya juya musu kai, a rufe gidan Badamasi.

To ni ina da tambayoyi. Mu da gonakinmu suke bakin babbar hanyar ruwa, ƙishin me muke ji da za mu saci ruwa? Wane ɓarawo ne zai zaɓi kayan da ake hangowa daga kan titi, in ba so yake a hango shi ba? Kuma me ya sa, tun kafin matan su iso gari da labari, wasu sun riga sun san launin rigar?

Na uku. Alkyabbarmu tana nan a kan ƙusarta, ƙurarta ma ba ta motsa ba. Sai na nufi shagon Sammani. Na ce, "Sammani, don girman Allah, nawa ka ɗinka?"

Ya tsayar da keken, ya ce, "Yaya Mukhtari, biyu ce. Wani ya zo bayan taku, ya ce irinta yake so sak. Na ce masa, 'Kai ma ka shiga 'yan fim ne?' Ya ce, 'A'a, tsuntsaye zan kora a shinkafa.'"

Shinkafa, jama'a, a watan da rabon ruwa bai kai wa kowa yadda yake so ba!

Jaruminmu yana rufe fuska don kada a gode masa. Wannan ya rufe tasa don a kama waninsa.

Ranka ya daɗe, roƙonmu shi ne a dakata da rufe gidan Badamasi, domin da shi yake ciyar da iyalinsa, a tura dattawa su bi hanyar ruwan da ƙafa, su ga gonar wa ta ƙoshi. Mu kuwa, gobe da hantsi muna gonar Baba Dattijo da fartanyoyinmu da irin da muka haɗa, ba don mun yi laifi ba, sai don ubanmu ne.

Sammani ya faɗa mini suna. Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa a wannan fili ba, domin mai sunan yana da 'ya'ya, kuma yana zaune a cikinmu yana jina. Baba Dattijo yana gida daga nan har magariba, ƙofarsa a buɗe take ga mai neman gafara. In aka kira salla bai ga baƙo ba, ni da Sammani za mu zo gabanka, ranka ya daɗe.

Allah ya mayar wa Baba Dattijo da alheri, Allah ya wadata mu da ruwan halal, Allah ya tsare harsunanmu daga zargin marar laifi, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.