Motar da Ambaliya Ta Tarar a Kan Gada

Mai girma shugaban wannan taro, Malam Abdulrahaman. Mai Unguwarmu na Bukan Sidi, wanda ya ajiye harkokinsa ya zo ya zauna da mu. Malam Liman da Fasto, waɗanda suka buɗe mana da addu'a. Iyayenmu maza da iyayenmu mata. 'Yan'uwa da suka taso daga Adogi da Kwandere tun da sassafe, wasu a kan babur, wasu a bayan motar doya. 'Yan Ƙungiyar Kai Kasuwa ta Lafia, tsofaffi da sababbi. Jama'a baki ɗaya, ina yi muku sallama, ina yi muku barka da zuwa.

Sunana Ngodoo Iorhemba. Malamar firamare ce ni, kuma sakatariyar wannan ƙungiya. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama. Ina godiya ta musamman ga Mista Aloysius, mataimakin shugabanmu, wanda ya kawo ƙudurin da ya tara mu a yau, domin ya fito fili ya faɗi abin da da yawa daga cikinmu suke faɗa a bayan fage.

Saboda baƙinmu, bari in fara da bayanin abin da ake magana a kai. Kai Kasuwa wasa ne na allo da kati. A kan allon an zana gonaki da hanya da kogi da gada, kasuwa kuma tana can ƙarshe. Kowane ɗan wasa yana da 'yar motarsa ta roba cike da doya, katin da ke hannunsa shi ke tura motarsa gaba ko ya tare ta abokin wasansa. Wani kamfani ne a Jos ya ƙirƙiro shi. Kowace shekara yakan fitar da sababbin kati, yakan aiko mana da kofin gasa, yakan kuma turo alƙalinsa ya tsaya a kan gasarmu. A shekarar 2003 kamfanin ya rufe. Yau shekara biyu ke nan babu sabon kati, babu kofi, babu alƙali. Ƙudurin Mista Aloysius shi ne mu rushe ƙungiya, mu koma wani sabon wasa da wani kamfani na Legas ya kawo, wanda ya yi alkawarin riguna da kyaututtuka.

Magana ta farko: Mista Aloysius bai faɗi ƙarya ba. Katinmu sun tsufa, sun yi laushi, wasu har ana gane su ta baya. Motocinmu sun ɓace, a wasu gidajen da marfin kwalba ake wasa. Matasanmu sun koma gidajen kallon ƙwallo. Duk wannan gaskiya ne. Amma hujjarsa mafi nauyi ita ce wadda ya faɗa a ƙarshe, da murya ƙasa-ƙasa: wasan da ba shi da mai yanke hukunci raba mutane yake yi. Na san abin da yake nufi, kun san abin da yake nufi, kuma tun da a gidanmu abin ya faɗo, ni ya kamata in ba da labarin.

Wannan ita ce magana ta biyu, kuma za ta ɗan yi tsawo, ku yi mini haƙuri.

Mahaifina, Baba Iorhemba, ga shi can a layin gaba a kan keken guragu. Manomin doya ne a Adogi. Wanda ke zaune a damansa Alhaji Ashemi ne, dillalin doya a wannan gari. Tun ban san kaina ba suke ciniki tare. Alhaji yana kiran Baba Sarkin Noma, Baba yana kiransa Alhaji Mai Tsada. Su biyun suna cikin waɗanda suka kafa wannan ƙungiya, kuma bara su ne suka kai wasan ƙarshe, a gasarmu ta farko da aka yi ba alƙalin kamfani.

Waɗanda suke wurin sun tuna. Motar Alhaji tana tsakiyar gada, saura kaɗan ta tsallaka, sai Baba ya ajiye katin ambaliya. Ƙa'idar kamfani ta ce ambaliya tana mai da duk motar da ke bakin kogi baya. Ba ta ce komai ba game da motar da ke kan gada.

Alhaji ya ce, "Sarkin Noma, ai ni ina sama da ruwa. Ambaliya ba ta shafe ni ba."

Baba ya ce, "Alhaji, ka taɓa ganin ruwa ya cika ya hau kan kwalbati? Wane direba ne zai tsaya a kai? Baya za ka koma."

Da a da ne, alƙalin kamfani zai ɗaga hannu ya faɗi kalma ɗaya, kowa ya yi shiru, ko da ransa bai so ba. Ran nan babu shi. Gardama ta tashi daga kan allo ta shiga cikin 'yan kallo. Aka tashi ba a gama wasa ba. Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa, a kwanakin da suka biyo baya na fara jin wasu suna cewa "mutuminmu" da "mutuminsu", na fara ganin an daina duba wa ke da hujja, ana duba wa ke zuwa coci, wa ke zuwa masallaci. Jama'a, mu mutanen wannan yanki mun san inda waɗannan kalmomi suke kai mutane. Ba sai wani ya faɗa mana ba.

Su kuwa dattawan biyu suka daina gaisawa. A kakar bara Baba ya sayar da doyarsa ga wani dillali dabam, abin da bai taɓa yi ba.

Ana cikin haka, wata safiya Baba ya faɗi a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mutumin da in ya yi dariya a Adogi ake jin sa daga bakin titi, ya koma ba ya iya kiran sunana. Alhaji ya zo asibiti, Baba ya juya fuskarsa bango. Bayan an sallame mu na kawo shi gidana a nan Bukan Sidi. Likita ya ce mu riƙa yi masa magana, mu riƙa sa shi motsi. Mun yi, mun yi, mun yi. Baba sai ya dube mu ya rufe ido. Ya rage cin abinci. Mama ta fara yi mini maganar da ba na so in ji, wai ya gaji, wai mu shirya zuciyarmu.

Wata rana da yamma, na dawo daga makaranta ke nan, sai ga Alhaji Ashemi a ƙofar gida da allon wasa a hammata. Ya ce, "Ngodoo, 'yata, ban zo neman gafara ba, domin ni ke da gaskiya. Na zo mu ƙarasa wasa."

Na ce, "Baba Alhaji, ai ba ya magana, hannunsa kuma ba ya riƙe komai."

Ya ce, "Ke ki riƙe masa katin. Ido dai yana gani ko?"

Muka shimfiɗa allo a kan tebur a gaban Baba. Da farko bai ko duba ba. Alhaji ya ajiye katinsa na farko, ya zauna yana jira, yana taunar goro kamar ba abin da ya dame shi. Can sai na ga idon Baba ya sauka a kan katin da ke hannuna. Ya nuna ɗaya da haɓarsa. Na ajiye. Wasa ya kama.

Ban sani ba ko da gangan Alhaji ya yi, ban kuma taɓa tambayarsa ba, amma motarsa ta sake hawa tsakiyar gada alhali katin ambaliya yana hannunmu. Baba ya nuna shi. Na ajiye. Alhaji ya naɗe hannu, ya bar motarsa inda take. Sai Baba ya ɗaga hannunsa na hagu, ya kai kan allo, ya tura motar baya zuwa bakin kogi. Alhaji ya ɗauka ya mai da ita kan gada. Baba ya sake turawa. Alhaji ya sake mayarwa. Haka suka yi ta yi, har na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi, leɓensa yana motsi, yana kokawa da wani abu a maƙogwaronsa.

Ya ce, "A'a!"

Ya numfasa, ya ƙara da cewa, "Baya!"

Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa. Alhaji kuwa hawaye yana zuba a gemunsa, ya ce, "Alhamdu lillahi, Sarkin Noma, ka yi magana. Amma wallahi motata ba ta komawa."

Jama'a, ban ce wasa ya warkar da mahaifina ba. Allah ne mai warkarwa, likitoci kuma sun yi aikinsu, har yau kalmomin Baba ba su da yawa. Abin da nake shaida a gabanku shi ne abin da idona ya gani: da katin nan masu laushi, a kan allon nan da ya koɗe, shekara biyu bayan kamfani ya rufe ƙofarsa, mutumin da ya daina son komai ya sami abin da yake so har ya buɗe baki ya yi gardama a kansa. Tun daga ranar Alhaji bai fasa zuwa ba, kuma har yanzu ba su daidaita a kan gadar ba.

Magana ta uku gajeriya ce. Kamfani ya ba mu kati, mun gode masa. Ya ba mu kofi, mun gode masa. Ya ba mu alƙali, kuma a nan ne muka saki jiki, muka saba wani ya zo daga Jos ya raba mana gardama, har muka manta yadda ake zama a saurari juna a tsai da magana. Idan muka koma sabon wasa, sabon kamfanin ma wata rana zai rufe, ko ya ga Lafia ta yi masa nisa, mu sake tsayuwa inda muke yau. Wanda yake son sabon wasan ya buga, ba laifi ba ne, ni ma zan so in koya. Amma kada mu rushe wannan saboda shi.

Don haka ina roƙon taro abu uku. A bar ƙungiya ta ci gaba. A ba mu izini mu kai tsofaffin katin wurin masu buga takardu a cikin gari, a yi mana sababbi don amfanin kanmu ba don sayarwa ba, a rufe su da leda. Sannan duk inda ƙa'ida ta yi shiru, taro ya zama alƙali, a ɗaga hannu, abin da masu rinjaye suka zaɓa ya zama doka a kan kowa. Ina kuma roƙon a fara yau, a fara da motar da ke kan gada.

Na san dattawan nan biyu ba za su ɗaga hannu tare ba, ɗayansu zai sha kaye a gabanku. Shi ya sa jiya na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, idan jama'a suka bi ra'ayin Alhaji fa? Za ka ci gaba da wasa?" Ya ɓata rai. Ya daɗe yana neman kalma, ni kuma ina jira. Da ya same ta, sunan ranar da muke haɗuwa a nan kowane mako ya faɗa. Ya ce, "Asabar."

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Allah ya ba mu haƙurin sauraron juna, ya ba wanda ya yi rinjaye tawali'u, ya ba wanda aka rinjaya faɗin zuciya. Allah ya kiyaye Lafia da kewayenta daga fitina, ya albarkaci gonakinmu da kasuwanninmu, ya raya mana 'ya'yanmu. Waɗanda suka zo daga nesa, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.