Ƙahon da ya kusa ɗauke ni

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, a cikin sunan Yesu mai ceto. Ni ne Bitrus daga gefen Roni. Waɗanda suka san ni sun san taurin kaina, to yau shi na zo in tona a gabanku.

Bara ciwon ƙirji ya kayar da ni a gonar gyaɗa. Aka kai ni Kano, likitoci suka ce wata jijiyar zuciyata ta toshe, suka zura wani ɗan ƙarfe kamar raga suka buɗe ta. Suka ba ni ƙwayoyi biyu masu tsinka jini, suka ce kullum in sha, kuma in kiyayi duk abin da zai yanke ni. Na ce to. Irin to ɗin nan da ke tsayawa a leɓe.

Ni kuwa tun ina saurayi, duk bayan kaka sai an yi mini ƙaho. Haka ubana ya yi. Da muka gama girbi bana, gadon bayana ya riƙe, sai na ce mataccen jini ne ya taru. Matata Saratu ta hana ni, na ce mata na ji. Ranar Asabar ta tafi zumuntar mata, ni kuma na sulale gidan Malam Sale wanzami, maƙwabcinmu, aminina na shekara talatin. Ban gaya masa komai game da maganin ba. Laifin nawa ne, ba nasa ba.

Ya kafa ƙaho huɗu, ya yi tsaga, ya zuƙe. Da ya cire, jini ya ƙi tsayawa. Ya danna tsumma, ya jiƙe. Ya ɗauko wani, shi ma ya jiƙe. Sai ya duƙo ya tambaye ni.

"Malam Bitrus, wane magani kake sha?"

Sai a lokacin na faɗi gaskiya.

Aka kira Saratu, aka samo mota zuwa asibitin Kazaure. A hanya idona ya fara duhu, kunnena na ƙara, sanyi ya kama ni da rana tsaka. Tsoro ya shige ni ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Saratu ba ta yi mini faɗa ba, ta dai danne bayana da zanenta tana kiran sunan Yesu. Nan girman kaina ya karye. Na ce, "Ya Ubangiji, da ƙafata na kawo kaina. Ka gafarta mini, ka tsayar da jinin nan, ni kuma na daina yi wa raina wayo."

'Yan'uwa, Allah ya ji! Muka isa da sauran numfashina. Ma'aikata suka ɗinke, suka ɗaure, suka ce sai an ƙara mini jini. Kafin 'ya'yana su iso, Malam Sale ya riga ya naɗe hannun riga ya bayar da nasa.

Da na farfaɗo, sai tsohon halina ya leƙo. Na ce wa likita na bar ƙwayoyin nan har abada, tunda su suka so kashe ni. Ya ce idan na bari, jini zai daskare a cikin ƙarfen, zuciya ta tsaya. Gaba kura, baya sayaki! Na kalli Saratu, ta ce, "Maigida, alkawarin da ka yi a mota, ina wurin."

Na miƙa hannu na karɓi ƙwayoyin na haɗiye.

Daga ranar ban tsallake ko sau ɗaya ba, kuma ba zan tsallake ba sai likita ya ce. Bayana na ciwo har yanzu, ina shafa man zafi in haƙura. Malam Sale kuwa ba ya ƙara ɗora aska a jikin kowa sai ya tambaye shi abin da yake sha.

Na gode wa Allah da bai biya ni da gwargwadon wautata ba. Ku dogara gare shi, ku faɗi gaskiya tun kafin jini ya zuba, ku sha maganinku. Ga ni tsaye a gabanku da raina. Yabo ya tabbata ga Yesu. Amin.